Darasi: Rashin Barci ga Matan da Suka Daina Al'ada Bayan Jinyar Korona

Gabatarwa

An shirya wannan darasi domin iyayenmu mata da suka daina ganin al'ada, da iyalan da ke kula da su, da kuma ma'aikatan lafiya na unguwanni da ƙauyuka a ɓangarorin biyu na iyakar Nijar da Najeriya. Mace na iya karanta shi ita kaɗai. Ana kuma iya karanta shi a taron mata, ana tsayawa a ƙarshen kowane kashi domin a yi tambayoyi.

Annobar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, a Nijar kuwa ranar 19 ga Maris 2020 a Yamai. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawar da ta ayyana a kan cutar. Sai dai ƙwayar cutar ba ta gushe ba, kuma akwai mutanen da suka tashi daga jinya amma jikinsu bai koma yadda yake ba. Daga cikinsu akwai mata ƴan shekara hamsin zuwa sama, waɗanda barcinsu ya lalace tun daga wancan ciwo. Da yawansu ba sa kai kuka asibiti, domin an gaya musu tsufa ne, ko kuma tunani ne ya yi musu yawa. Wasu sun koma ga ƙwayoyin barci na tebur, waɗanda ke jawo musu wata sabuwar matsalar.

Abin da darasin ke son koyarwa shi ne, wannan rashin barci yana da dalilan da aka sani, ana iya tantance su ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawan gyaransa ba ya bukatar ƙwaya.

Kashi na ɗaya: Ma'anar kalmomi uku

Daina al'ada. Ana cewa mace ta daina al'ada idan ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki ko shayarwa ko wani magani ko ciwo ne ya ɗauke shi ba. Ga yawancin mata wannan yana faruwa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. A lokacin ne jiki ke rage samar da sinadarai biyu masu tafiyar da al'ada, wato istirojin da furojestaron. Mataki ne na rayuwa da kowace mace ke kaiwa idan ta yi tsawon rai.

Rashin barci. Yana zuwa ta fuska uku: mace ta kwanta barci ya ƙi zuwa, ko ta riƙa farkawa cikin dare komawa ya yi wuya, ko ta farka tun kafin lokacinta barcin ya tafi ke nan. Likitoci na ɗaukar sa a matsayin ciwo mai ɗorewa idan ya haɗa sharuɗɗa uku: yana faruwa aƙalla dare uku a mako, ya kai wata uku ko fiye, kuma yana shafar yinin mace, ta hanyar gajiya, saurin fushi, mantuwa ko kasa yin aikinta. Wadda jikoki ko hidimar biki suka hana ta kwanciya ba ta cikin wannan rukuni, domin ita damar barcin ce ba ta samu ba.

Doguwar korona. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar wannan yanayi: alamomin ciwo da ake gani galibi bayan wata uku da kamuwa da korona, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cutar da za a jingina su gare ta. Waɗanda aka fi gani su ne gajiya, sarƙewar numfashi da rikicewar tunani, kuma matsalar barci na cikin jerin. An lura mata sun fi maza shiga wannan yanayi.

Wani bincike da aka wallafa a farkon 2021 ya bi sawun mutum 1,733 da aka sallama daga wani asibiti a Wuhan. Bayan wata shida, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana fama da matsalar barci. Wata za ta ce ai ita ba a taɓa gwada ta aka ce tana da korona ba. Mutane ƙalilan ne aka gwada a ƙasashenmu. A watan Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa, bisa gwaje-gwajen jini, kimanin mutum biyu cikin uku a Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar cutar zuwa watan Satumba na 2021. Saboda haka mura mai zafi da aka yi a wancan lokaci, mai haɗe da zazzaɓi, tari da ɗaukewar jin ƙamshi ko ɗanɗano, ta isa a ambata wa ma'aikacin lafiya.

Kashi na biyu: Yadda barci yake zuwa

Abubuwa biyu ne ke kawo barci. Na farko ana iya kiransa yunwar barci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Gwargwadon daɗewarsa a farke, gwargwadon nauyin da idonsa zai yi. Barcin rana yana rage wannan yunwa, kamar yadda cin ƙosai da la'asar ke rage cin tuwon dare. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro, shayi da kofi kuwa yana toshe wurin da adenosin ke aiki, sai mutum ya daina jin yunwar barcin alhali tana nan.

Na biyu shi ne agogon jiki, wanda ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma hasken rana ne ke saita shi kowace safiya. Idan duhu ya yi, jiki na sakin sinadarin melatonin, zafin cikin jiki ya ɗan sauka, sai barci ya samu hanya.

Babban mutum na bukatar barcin awa bakwai zuwa tara, wanda ya haura shekara 65 kuwa awa bakwai zuwa takwas. Barcin dare yana tafiya ne zango-zango, kowane zango kimanin minti 90, kuma ɗan farkawa a tsakaninsu abu ne da kowa ke yi. Da shekaru suka ja, barci mai nauyi yana raguwa. Wannan sauyi ne na al'ada. Amma kwana ido biyu dare bayan dare, har ya hana mace aikinta, ya wuce abin da za a ɗora wa tsufa.

Kashi na uku: Dalilai hawa uku

A shekarun 1980 wani masanin barci na Amurka, Arthur Spielman, ya kasa dalilan rashin barci gida uku: abin da ya share masa fage, abin da ya tayar da shi, da abin da ke raya shi. Har yanzu likitoci na aiki da wannan rabo, kuma ya dace ƙwarai da matan da muke magana a kansu.

Abin da ya share fage: daina al'ada

Raguwar istirojin tana rikita sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki. Shi ya sa mace ke jin wani zafi ya taso mata kwatsam daga ƙirji zuwa wuya da fuska, zufa ta karyo, zuciya ta buga, bayan ƴan mintuna kuma ta ji sanyi. Idan cikin dare ne, sai ta farka zanenta a jiƙe. Wani babban bincike da aka yi a kan mata a Amurka, aka wallafa a 2015, ya gano cewa ga matan da wannan zafi ke yawan taso musu, matsakaicin tsawonsa ya haura shekara bakwai. Ke nan yana iya ci gaba shekaru bayan jinin ƙarshe.

Raguwar sinadarin tana kuma shafar mafitsara, sai fitsarin dare ya ƙaru. Ciwon gwiwa da na baya su ma sukan yawaita a waɗannan shekaru. Ga kuma yanayin ƙasarmu: a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Sakkwato da Katsina yakan haura digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano yana riƙe zafi har cikin dare.

Abin da ya tayar: korona

Cutar tana ɓata barci ta hanyoyi da dama. Tari, sarƙewar numfashi, ciwon gaɓɓai da bugun zuciya kan ci gaba bayan zazzaɓi ya sauka. Masana na ganin cewa ga wasu mutane garkuwar jiki tana daɗewa a tashe bayan ƙwayar cutar ta tafi, kuma sinadaran da take saki suna taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da barci. Kwanciyar jinya ita ma tana cakuɗa dare da rana: mara lafiya na yini a ɗaki, ba ta ganin rana, tana barci gutsi-gutsi, har agogon jikinta ya rikice.

Akwai kuma nauyin zuciya. An yi rashe-rashe, an rufe iyakoki da kasuwanni, jarin mata da yawa ya karye, ƴan uwa na wannan ɓangare sun kasa zuwa gaisuwar na wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Dukansu biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da rashin barci.

Abin da ke raya shi: dabarun da mace ke yi don ta rama

Wannan hawa shi ne mafi muhimmanci, domin shi ne ke hannunmu. Mu ɗauki misalin mace ƴar shekara 56 mai sana'ar man gyaɗa. Ta yi jinyar mako uku, ta warke, amma barci ya ƙi. Don ta rama, sai ta fara kwanciya da an idar da sallar isha'i, tun ƙarfe takwas. Barci ba ya zuwa sai wajen sha ɗaya. Ƙarfe biyu zafi ya tashe ta, ta kwanta tana lissafin bashi da hidimar auren ƴarta. Da rana jiki ba ƙarfi, sai ta yi barcin awa biyu bayan azahar, ta tashi ta ci goro, da yamma kuma a miƙo mata shayi. Dare ya yi, yunwar barcinta ta ragu, kafeyin na cikin jininta, kuma zuciyarta ta riga ta saba cewa shimfiɗa wurin juye-juye ne. Tari ya daɗe da warkewa, amma rashin barcin ya samu gindin zama.

Duk abin da matar nan ta yi, mai hankali zai iya yin sa. Ba ta yi laifi ba. Sai dai waɗannan dabaru su ne suka mayar da matsalar mako uku ta zama ta shekara.

Kashi na huɗu: Cututtukan da ke ɓuya a bayan rashin barci

Kafin a ce korona ce ko daina al'ada ne, wajibi ne a tabbatar ba wata cuta ba ce. A je cibiyar lafiya a duba waɗannan:

Tarin fuka. Zufar dare tare da tari na fiye da mako biyu, rama da zazzaɓin yamma na bukatar gwajin majina. Kada a ɗauka ragowar korona ce. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe domin haka a ƙasashen biyu.

Ɗaukewar numfashi cikin barci. Alamarsa munshari mai ƙarfi, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, sannan mace ta zabura tana haki. Takan tashi da ciwon kai, ta yini tana gyangyaɗi. Yana ƙaruwa ga mata bayan daina al'ada, musamman masu ƙiba, kuma yana da alaƙa da hawan jini. Wanda ke kwana kusa da ita ne zai fi lura da shi.

Ciwon suga. Yawan fitsarin dare tare da ƙishirwa mai tsanani na bukatar gwajin jini.

Ƙaiƙayin cikin ƙafafu. Wasu na jin kamar ƙwari na yawo a cikin ƙaurinsu da dare, ba sa samun sauƙi sai sun motsa ƙafar ko sun taka. Sau da yawa yana da nasaba da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma ana maganinsa.

Ciwon maƙoƙo. Idan ƙullin wuya yana aiki fiye da ƙima, yana kawo zufa, bugun zuciya, rawar hannu da rama.

Ciwon damuwa. Farkawa tun tsakar dare tare da baƙin ciki mara yankewa, rashin sha'awar abinci da hira, da jin cewa rayuwa ba ta da amfani. Ciwo ne kamar sauran, yana da magani, kuma ba alamar raunin imani ba ne.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji; kasa numfashi idan an kwanta, tare da kumburin ƙafafu; mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki; tari da jini; tunanin kashe kai; ko zubar jini ta gaba bayan an shekara da daina al'ada, komai ƙanƙantarsa.

Kashi na biyar: Yadda ake sake koya wa jiki barci

Maganin da aka fi amincewa da shi ga rashin barci mai ɗorewa shi ne gyaran ɗabi'a da tunani game da barci. A 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da shi kafin kowace ƙwaya. Yakan ɗauki mako shida zuwa takwas. Ga matakansa yadda za su yiwu a gida.

1. A rubuta barcin mako biyu. Kowace safiya a rubuta lokacin kwanciya, kusan lokacin da barci ya zo, sau nawa aka farka da abin da ya jawo, lokacin tashi, barcin rana, da goro ko shayin da aka sha. Wadda ba ta rubutu, jika ko ƴa ta rubuta mata. Lokutan salla sun isa su zama agogo.

2. A tsayar da lokacin tashi guda ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ga mai tashi sallar asuba ko addu'ar safe, lokacin ya riga ya samu. Ko daren bai yi daɗi ba, a tashi a kan lokaci, kuma a guji komawa dogon barci bayan gari ya waye.

3. A fita hasken safe. Zama ko aiki a tsakar gida na kimanin rabin awa da hantsi yana saita agogon jiki.

4. Kada a kwanta sai barci ya zo. Gajiya daban, jin barci daban. Alamar barci ita ce hamma da nauyin ido.

5. Idan an kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, a tashi. A zauna a kan tabarma ko kujera cikin haske kaɗan, a yi wani abu mai kwantar da hankali, kamar jan carbi, addu'a ko tsince wake. Idan ido ya yi nauyi a koma. Haka za a yi ko sau nawa ne a dare. A ajiye tocila kusa domin gudun tuntuɓe, kuma a bar wayar hannu da rediyo.

6. A daidaita zaman shimfiɗa da ainihin barcin da ake samu. Matar da muka yi misali da ita tana kwanciya daga takwas na dare zuwa biyar na asuba, awa tara ke nan, amma barcinta bai wuce awa shida ba. Za ta mayar da kwanciyarta ƙarfe sha ɗaya. Makon farko zai yi mata nauyi, amma yunwar barci za ta taru, barcin ya fara haɗewa. Idan ta yi mako tana barci a mafi yawan lokacin da take kwance, sai ta matso da kwanciyar da minti 15, haka mako bayan mako har ta ji ta ƙoshi. Kada lokacin kwanciya ya gaza awa biyar. A makonnin farko a yi hattara a bakin murhu da bakin rijiya. Mai farfaɗiya, mai taɓin hankali, da wadda ake zargin numfashinta na ɗaukewa cikin barci, kada su ɗauki wannan mataki sai da izinin likita.

7. A taƙaita ƙailula. Idan ba makawa, kada ta wuce rabin awa, kuma a yi ta kafin la'asar.

8. A tsayar da goro, shayi, kofi da lemon kwalba mai kafeyin daga azahar. Rabin kafeyin ɗin da aka sha yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, ga wasu ma fiye. Wadda ta saba da goro da yawa ta rage a hankali, domin yankewa lokaci ɗaya na kawo ciwon kai. Taba, ta sha ko ta baki, ita ma tana hana barci.

9. A sanyaya jiki da wurin kwana. Wanka kafin kwanciya, zanen auduga mara nauyi, ruwan randa da mafici a kusa, da wani zanen na canji idan zufa ta jiƙa na jiki. A bazara kwana a tsakar gida ya fi, amma cikin gidan sauro. Yaji da abin sha mai zafi da dare na tayar wa wasu mata zafin jiki. Kowace ta lura da nata. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro a rufaffen ɗaki yana tayar da tari.

10. A sha ruwa sosai da rana, a rage shi awa biyu kafin kwanciya.

11. A ware wa tunani lokacinsa. Da yamma, a zauna da ƴa, aminiya ko maigida a faɗi abin da ke damun rai da abin da za a iya yi a kai gobe. Idan tunanin ya dawo cikin dare, a tuna masa an riga an saurare shi. Jan numfashi a hankali ta hanci da sakinsa a hankali, sau goma ko fiye, yana kwantar da bugun zuciya.

12. A motsa jiki daidai ƙarfi. Tafiya a ƙasa tana gyara barci. Amma wasu masu doguwar korona, idan suka yi aikin da ya fi ƙarfinsu, jikinsu kan rushe bayan kwana ɗaya ko biyu. Irin waɗannan su raba aiki kashi-kashi, su huta kafin gajiya ta kama su, su ƙara kaɗan-kaɗan idan jiki ya karɓa.

A watan azumi tsarin barcin kowa yana sauyawa, don haka ya fi kyau a fara mataki na shida bayan salla. Sannu ba ta hana zuwa: yawancin masu bin matakan nan sai bayan mako biyu zuwa uku suke fara ganin sauyi.

Kashi na shida: Gargaɗi game da magunguna

Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, da ire-irensa suna sa barci a kwanakin farko, daga baya jiki ya saba, ya nemi ƙari. Suna kawo jiri da mantuwa. Bayan daina al'ada ƙashin mace yana rage ƙwari, saboda haka faɗuwa ɗaya a hanyar bayi cikin dare na iya zama karayar ƙugu. Wadda ta yi makonni tana sha kullum kada ta daina lokaci ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai tsara mata yadda za ta rage.

Tiramadol da maganin tari mai kodin ba magungunan barci ba ne. Suna kama jiki, suna kuma danne numfashi, abin da ke da haɗari ga wadda ƙirjinta bai gama warwarewa ba. Tun watan Mayu na 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ƙwayoyin mura masu sa gyangyaɗi, irin su Piriton, suna busar da baki, suna ɗaure ciki, kuma suna iya rikita tunanin tsofaffi.

Akwai kuma magungunan da su da kansu ke hana barci. Deksametazon da firedinisolon na cikinsu, kuma wasu na shan su ba bisa ƙa'ida ba domin ciwon gaɓɓai ko neman ƙiba. Maganin hawan jini mai sa fitsari, idan aka sha shi da dare, yana tashin mace sau da yawa. A tambayi likita ko za a mayar da shi safiya. Kada a daina maganin hawan jini ko na suga don kai.

Idan zafin jiki da zufar dare ne babban dalili, akwai maganin maye gurbin istirojin, kuma yana rage su ƙwarai. Bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, daskarewar jini a jijiya, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon hanta ba, haka ma mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Likita kaɗai ke rubuta shi bayan bincike.

Mutanen iyaka kan nemi magani a ɓangarorin biyu. Magani ɗaya na iya zuwa da suna daban a farmasin Maraɗi da kemis ɗin Katsina, wannan da Faransanci, wancan da Ingilishi, har mace ta riƙa shan abu ɗaya ninki biyu ba ta sani ba. Duk lokacin da za a je asibiti, a tafi da kwalayen dukan magungunan da ake sha da takardun asibitin baya, a kuma faɗi jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ake amfani da su.

Kashi na bakwai: Aikin iyali da ma'aikacin lafiya

Iyali su yarda da kukanta. Su rage hayaniya da dare, su ɗauke mata kwana da ƙananan jikoki na ɗan lokaci, su share hanyar bayi daga abin tuntuɓe, kuma kada su sayo mata ƙwayar barci da sunan tausayi. Wanda ke kwana kusa da ita ya saurari numfashinta, ya raka ta asibiti ya faɗi abin da ya ji.

Mata da yawa na jin nauyin maganar al'ada, musamman a gaban namiji ko yarinyar da ta yi ƴa da ita. Ma'aikaciyar lafiya ta keɓe da ita, ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta tambaya a hankali: "Inna, tun yaushe barcin ya fara ƙi? Akwai wani ciwo da kika yi kafin nan? Me ke tashin ki cikin dare, zafi ne, fitsari, tari ko tunani? Me kike sha domin ki samu barci?" A auna hawan jini, a duba alamomin kashi na huɗu, a tura wadda ke da su zuwa cibiyar lafiya. Wadda ba ta da su, a zaɓa mata matakai biyu ko uku ta fara da su, mafi kyau na biyu, na uku da na takwas, a sake ganin ta bayan mako biyu tare da takardar barcinta. Idan an yi mako takwas ana bin matakan babu sauƙi, a tura ta ga likita.

Rashin barci mai ɗorewa yana da alaƙa da hawan jini, ciwon suga, ciwon damuwa da yawan faɗuwa. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a bar uwa ta yi ta haƙuri da shi shekara da shekaru ba.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne sharuɗɗa uku ne ke sa a kira rashin barci mai ɗorewa?
2. Kawo misali ɗaya-ɗaya na abin da ke share wa rashin barci fage, abin da ke tayar da shi, da abin da ke raya shi.
3. Mace na zufar dare, tana tari mako uku, ta kuma rame. Me ya kamata a yi?
4. Me ya sa kwanciya da wuri domin ramuwa ke ƙara dagula barci?
5. Me ya sa ƙwayar barci ta fi haɗari ga macen da ta daina al'ada?
6. Me za a tafi da shi idan za a ƙetare iyaka domin ganin likita?